Godiya Ba Ta Kwana: Yadda Mabiya Addinin Hindu Suke Mayar da "Na Gode" Ibada

 Wannan shi ne rubutaccen shirin wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Yau Indiya muka nufa. Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin Indiya, na fassara ne ko na asali, ya san wannan fitowar: jarumi ya ci jarrabawa ko ya samu aiki, ya shigo gida da gudu yana kiran mamarsa. Ita kuma kafin komai sai ta ɗauko faranti da 'yar fitila a kai, ta nufi kusurwar da suke ajiye abin bautarsu, ta juya farantin, sannan ta ɗebo alawa ta sa masa a baki. Mun ga wannan ba adadi. To me ya sa sai ta fara zuwa can? Kuma me ya sa a lokacin nan take, ba ta bari sai gobe ba? Waɗannan tambayoyi biyu su ne shirinmu na yau.

Bari in share fage tukuna. Bayani za mu yi na yadda su masu addinin suke fahimtar abinsu. Kuma addinin Hindu gida ne mai ɗakuna da yawa. A ƙidayar Indiya ta 2011, kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen ƙasar mabiyansa ne, kun ga kuwa ba za a ce duk bakinsu ɗaya ba. Mu ɗaki ɗaya za mu shiga, wanda suke kira bakti, wato bauta ta hanyar ƙauna da miƙa wuya, musamman a wajen masu bauta wa Vishnu da Krishna.

Mu fara da tushe. A tsofaffin littattafansu na Veda akwai wata fahimta: ana haifar mutum ne da bashi a wuyansa. Ba bashin kuɗi ba fa. Bashi uku ne. Na ababen bauta, saboda ruwan sama da rana da abinci. Na malaman farko, waɗanda suke kira rishi, saboda ilimin da suka bari. Sai na iyaye da kakanni, saboda ran da aka miƙo maka. Wani littafin ma ya ƙara na huɗu, bashin 'yan'uwanka mutane, wanda ake biya da karɓar baƙo.

Daga nan aka tsara wa magidanci ayyuka biyar na kullum: ya yi karatun littafi, ya yi baiko ga ababen bauta, ya zuba ruwa da sunan magabata, ya ajiye ɗan abinci domin dabbobi da tsuntsaye, ya ciyar da baƙo. Ku lura da kalmar "kullum". Ba a ce sai ranar da aka yi maka ƙarin girma ba. A wajensu, tunda abin da ake ba ka kullum yake zuwa, to godiyar ma aikin kullum ce.

Za ka ga wannan a bukukuwansu. A jihar Tamil Nadu ana bikin Pongal a tsakiyar watan Janairu, kwana huɗu. Ana dafa sabuwar shinkafa da madara da mazarƙwaila a sabuwar tukunyar ƙasa, a bar ta ta tafasa har ta yi ambaliya, a miƙa wa rana kafin kowa ya ɗanɗana. Rana ta uku ta shanu ce: a yi musu wanka, a shafa wa ƙahonsu fenti, a rataya musu furanni, saboda su suka ja garma. A kudancin Indiya kuma, a rana ta tara ta bikin Navaratri, akwai Ayudha Puja. Bakanike zai wanke sifanoninsa, tela zai goge kekensa, direba zai wanke motarsa ya ɗaura mata furanni. Kayan da kake neman abinci da su, ranar nan ka tsaya ka tuna ba kai kaɗai ka yi ba.

To amma a nan ne malaman bakti suke cewa a dakata, godiya iri biyu ce.

Iri na farko mun san shi. Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. An aiko maka da abu, ka ba da tukwici, magana ta ƙare, kowa ya kama gabansa. A Tirumala, wurin bautar Venkateswara da ke jihar Andhra Pradesh, dubun-dubatar mutane ne suke zuwa kowace rana, kuma da yawansu alwashi suka zo cikawa. Mutum ya ce idan ɗana ya warke, ko idan na samu aikin nan, zan hau dutsen nan in aske kaina. Buƙata ta biya, ya zo ya aske, maza da mata. Gashin da ake tarawa har gwanjonsa ake yi. Malamansu ba su raina wannan ba. A Bhagavad Gita, littafi mai babi 18 da baiti 700, a babi na 7, an kasa masu bauta kashi huɗu: wanda wahala ta koro, mai neman abin duniya, mai neman sani, da wanda ya riga ya sani. Duka huɗun an yaba musu. Sai dai na ƙarshen aka ce ya fi kusanci, domin shi ba wani abu ya zo karɓa ya tafi ba.

Matsalar godiyar tukwici ita ce tana rufe lissafi. An ba ni, na biya, sai wata buƙatar ta taso. Abin da bakti yake nema shi ne idon mutum ya tashi daga kan kyautar ya koma kan mai bayarwa, ya zauna a can.

Akwai labarin da suke bayarwa a kan wannan, a littafin Bhagavata Purana, mai kashi 12. Wani sarki ne mai suna Uttanapada, yana da mata biyu, bora da mowa. Borar ita ce Suniti, mowar Suruchi. Wata rana ɗan bora, Dhruva, yaro ɗan shekara biyar, ya zo zai hau cinyar babansa kamar yadda ya ga ɗan mowa ya hau. Kishiyar uwa ta kore shi da baƙar magana, uban kuma ya yi gum. Yaro ya fita da kuka da zuciya, ya shiga daji neman Vishnu. Ba don ƙauna ya je ba fa. So yake a ba shi mulkin da ya fi na babansa. Malami Narada ya gamu da shi ya koya masa abin da zai riƙa maimaitawa, ya yi wata shida yana halwa a gefen kogin Yamuna. Labarin ya ce Vishnu ya bayyana gare shi, kuma ya ba shi mulkin. Kun san me ya biyo baya? Yaron ya kama hanyar gida ransa a ɓace. Abin da ya dame shi shi ne, ga shi ya tsaya a gaban mai komai, amma gadon sarauta ne ya cika masa zuciya. Fushi ne ya kai shi, buƙata ta biya, amma abin da ya dawo da shi wani abu ne daban. Har yau a Indiya, tauraron arewa da ba ya gusawa daga wurinsa, Dhruva suke kiransa.

Wannan juyawar, daga "na gode da abin da ka ba ni" zuwa "kai nake so", ita ce suke nufi da mayar da godiya ibada.

Yanzu ga tambaya ta biyu, wadda ita ce ta fi shafar matasa: yaushe?

A nan akwai wata ƙofa da mutane suke bi su sulale. A tsarin gargajiyar Hindu an raba rayuwa mataki huɗu, ana ƙiyasta shekara 25 kowanne. Na farko ɗalibta. Na biyu magidanci, aure da neman kuɗi da renon yara. Na uku janyewa, idan ka ga jikoki, ka miƙa wa yara ragamar gida. Na huɗu barin duniya gaba ɗaya. To ka ɗauki matashi ɗan shekara 27 da ke aikin kwamfuta a Bengaluru, kakarsa tana ce masa ya riƙa zama ko minti goma da safe. Yana da amsa a shirye, kuma daga cikin addinin ya ɗauko ta: Kaka, ai ni yanzu matakin magidanci nake, wannan sai na yi ritaya.

Bhagavata Purana kusan gaba ɗayansa martani ne ga wannan amsar. Dubi yadda aka gina littafin ma. Sarki Parikshit, jikan Arjuna, ya fita farauta, ƙishirwa ta kama shi. Ya shiga bukkar wani malami mai suna Shamika ya nemi ruwa. Malam yana cikin halwa, ido rufe, bai ma san an shigo ba. Sarki ya fusata, ya ɗauki mataccen maciji ya rataya masa a wuya ya fice. Ɗan malamin, Shringi, da ya ji labari sai ya yi wa sarki baki: nan da kwana bakwai macijin nan Takshaka zai sare shi ya mutu.

Kwana bakwai. Ka tsaya ka sa kanka a wurin. Sarki ne mai ƙarfi, bai tsufa ba, yana da dogon tsari a gabansa. Abin da ya yi shi ne ya miƙa wa ɗansa Janamejaya mulki, ya tafi bakin kogin Ganga ya zauna, ya daina ci. Malamai suka taru. Ya yi musu tambaya ɗaya: me ya kamata wanda mutuwa ta tunkaro ya yi? Shuka, ɗan Vyasa, shi ya amsa, kuma amsar ce ta zama littafin. Har yau a Indiya ana shirya zaman karatunsa na kwana bakwai cur, ana kiransa Bhagavata Saptah. Masu wa'azinsu suna yawan tuna wa jama'a cewa kwanakin mako ma bakwai ne, kuma a ɗaya daga cikinsu kowa zai tafi. Bambancinka da Parikshit kawai shi an sanar da shi.

Tun a farkon amsar, Shuka ya kawo masa labarin wanda ya fi shi ƙarancin lokaci. Sarki Khatvanga ya taimaki ababen bauta a yaƙi, suka ce ya roƙi abin da yake so. Ya ce su fara faɗa masa saura nawa ya rage masa a duniya. Suka ce muhurta ɗaya. Muhurta a lissafinsu kashi ɗaya ne cikin talatin na yini da dare, wato minti 48. Nan take ya saki komai ya mayar da zuciyarsa ga Vishnu, kuma labarin ya ce ya tsira. Kenan ko minti 48 ya isa, in dai yanzu aka fara ƙirga shi.

Sai wanda ya fi burge ni, domin shi da matasa yake magana kai tsaye. Prahlada yaro ne, ɗan wani azzalumin sarki mai suna Hiranyakashipu wanda ya haramta ambaton Vishnu a ƙasarsa. A makaranta, idan malamai suka fita, sai Prahlada ya tara 'yan ajinsu, su da suke son fita wasa, ya yi musu lissafi. A ɗauka an ba mutum shekara 100. Rabi ya tafi a barci. Shekara 20 sun tafi a ƙuruciya da wasa. Wasu 20 za su tafi a tsufa, lokacin da jiki ba ya iya komai. Abin da ya rage, shekara 10, su ne hidimar gida da neman kuɗi suke cinyewa. To ina "daga baya" ɗin take? Shawarar da ya ba su ita ce a fara tun ana yara. Mu ma muna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na san wani zai ce, to ai a littafin akwai labarin Ajamila. Gaskiya ne, kuma masu jinkiri suna sonsa ƙwarai. Ajamila mutum ne da ya taso da tarbiyya, ya watsar, ya ƙare rayuwarsa a sata da caca da yaudara. Da mutuwa ta zo yana tsoho, ya ga manzannin Yama, mai ɗaukar rai a fahimtarsu, sai tsoro ya sa ya ƙwala wa autansa kira. Sunan yaron Narayana, wanda kuma suna ne na Vishnu. Saboda wannan kiran aka hana a tafi da shi. Sai mutum ya ce shi kenan, in sha sharafina, ranar ƙarshe in ambaci sunan.

Amma a ƙarasa labarin mana. Ajamila bai mutu a ranar ba. Ƙarin lokaci aka ba shi, kuma da ya farfaɗo bai koma gidan jiya ba. Ya tafi Haridwar, bakin Ganga, ya shafe sauran kwanakinsa yana ibada. Wato shi kansa ya mayar da tsirarsa aiki, tun daga ranar. Sannan a littafin dai akwai kishiyar labarin. Sarki Bharata ya bar mulki ya shiga daji ibada, ya tsinci jaririyar barewa da uwarta ta mutu, ya rene ta, har ta mamaye masa tunani. Da ajali ya zo, barewar ce a ransa, sai aka sake haifarsa a matsayin barewa. Babi na 8 na Gita ma a kan wannan yake: abin da mutum ya tafi da shi a ransa a numfashin ƙarshe shi ke yanke inda zai nufa, kuma abin da zai zo masa a lokacin shi ne abin da ya saba da shi tsawon rayuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi shekara arba'in abin da ya fara dubawa da asuba shi ne waya, da wuya harshensa ya kama wani abu daban ranar da numfashi yake sarƙewa.

Ana kuma ba da labarin Adi Shankara, babban malamin da ya rayu wajen ƙarni na 8, wanda aka ce shekara 32 kacal ya yi a duniya. Wai yana tafiya a birnin Varanasi ya ga wani tsoho tukuf yana ta haddar ƙa'idojin nahawun Sanskrit. Tausayi ya kama shi, domin ga mutum a bakin tafiya amma har yanzu shiri yake yi, bai fara ainihin abin ba. Wannan, in ji masu labarin, shi ne dalilin waƙar da ake kira Bhaja Govindam. Ka ga jinkiri ba sai da lalaci ba. Wani da "bari in gama karatu tukuna" yake jinkirtawa, wani da "bari in fahimci abin sosai".

To a aikace, me suke cewa matashi ya yi? Abin mamaki, ƙanana ne.

Na farko, abinci. Kafin a ci, a ɗebi kaɗan a ajiye a gaban abin bauta, daga nan abincin ya zama prasad, wato alherin da aka dawo maka da shi. Alawar nan da uwar jarumi take sa masa a baki, ita ce. A babi na 9 na Gita, abubuwan da aka lissafa na bayarwa su ne ganye, fure, ɗan itace da ruwa. Babu zinare a ciki. Talaka ba shi da uzuri kenan.

Na biyu, japa, wato maimaita sunan abin bauta da carbi mai ƙwaya 108, galibi na itacen tulsi, wani tsiro dangin ɗaɗɗoya da za ka gani a tsakar gidajensu. Zagaye ɗaya 'yan mintuna ne. Lokacin da suka fi so shi ne wajen awa ɗaya da rabi kafin fitowar rana, suna kiransa Brahma muhurta. Masu koyarwa sukan ce gara zagaye ɗaya kullum da zagaye hamsin ranar biki.

Na uku, azumin Ekadashi, rana ta 11 bayan tsayuwar wata da rana ta 11 bayan cikarsa, sau biyu kenan a wata.

Kuma an lissafa hanyoyin bakti guda tara, ta bakin Prahlada ɗin nan dai. Ta farko a jerin ita ce saurare kawai. Sai rerawa, sai tunawa, a haka har zuwa ta tara, miƙa kai gaba ɗaya. An fara da wadda ko a cikin cunkoson mota mutum zai iya.

Sannan ga hujjar da ta fi ƙarfi a kan mai cewa aiki ya yi masa yawa. Manyan mutanen bakti da ake rera waƙoƙinsu har yau, yawancinsu ba daji suka shiga ba. Ravidas baduku ne a Varanasi. Kabir masaƙi ne. Janabai 'yar aiki ce a gidan Namdev, tana niƙa tana shara. Tukaram, a ƙarni na 17, ɗan kasuwa ne mai iyali a garin Dehu kusa da Pune, wanda yunwar da aka yi wajen 1630 ta kashe masa mata da ɗa. Babu wanda ya jira ritaya a cikinsu, babu wanda ya jira rayuwa ta daidaita.

Me ya sa aka haɗa godiya da gaggawa wuri guda? Saboda godiya ba ta daɗewa da zafinta. Ka tuna ranar da sakamakon asibiti ya fito lafiya lau, ko ranar da aka kira ka aka ce ka samu. A ranar, zuciyarka a buɗe take, ka san ba wayonka ba ne. Bayan mako biyu fa? Abin ya zama naka, har ka fara ganin ai dama ka cancanta, kuma wata sabuwar damuwa ta hau kujerar. Malaman bakti sun lura da wannan taga ƙarama ce. Shawararsu ita ce, a ranar da kake jin godiyar, a ranar za ka ɗaura mata wani ɗan aiki da za ka iya yi gobe da jibi, ko da jin ya tafi. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Shi ya sa uwar nan take ɗaukar farantin tun ɗanta bai gama haki ba.

Tambayar da zan bar ku da ita: wane alheri ne ya same ka a shekarar nan wanda ka ce "in na natsu zan yi wani abu a kai", kuma yau wata nawa kenan?

Nan za mu dakata. Wanda ya ga shirin ya amfane shi, ya tura wa aboki. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.